Yadda Ake Hango Durƙushewar Kamfanin Gwamnati Tun Kafin a Rufe Ƙofa

Masu kallonmu, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya girma a nan Jos ya san kamfanin mulmula ƙarfe da gwamnatin tarayya ta gina a farkon shekarun 1980, tare da 'yan'uwansa na Katsina da Osogbo. An tsara kowannensu ya riƙa fitar da tan 210,000 na rodi da makamantansa a shekara. Daga baya aiki ya tsaya, aka sayar da shi ga 'yan kasuwa. To, akwai hanyar da mutum zai duba littattafan irin wannan kamfani ya hango matsala tun da sauran lokaci? An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wadda ba za ta yi kyau ba ma haka.

A 1968, Edward Altman na Jami'ar New York a Amurka ya tattara kamfanoni 66, rabi sun karye, rabi suna nan da ransu. Ya fito da lissafin da ake kira ma'aunin Z, mai haɗa abubuwa biyar. Huɗu ana auna su ne da jimillar kadarorin kamfani: jarin juyawa na yau da kullum, ribar da aka tara ba a raba ba, ribar aiki kafin a cire kuɗin ruwa da haraji, da kuma ciniki. Na biyar shi ne darajar hannun jari a kasuwa idan aka kwatanta da bashi. Ribar aiki ita ce mai nauyi, ana ninka ta sau 3.3. Idan jimilla ta haura 2.99, lafiya lau. Idan ta yi ƙasa da 1.81, a fara shiri.

Sai dai wannan riga ba don kamfanin gwamnati aka ɗinka ta ba. Yawancinsu ba sa kasuwar hannun jari. A 1983 Altman ya gyara lissafin, ya ce a yi amfani da darajar da ke rubuce a littafi, iyakokin suka koma 2.9 da 1.23. Amma littafi ba ya ganin tsatsa. Injin da aka sayo shekara arba'in da suka wuce yana iya zama da daraja a takarda, alhali a fili akuya ce ke kwana a ƙarƙashinsa.

Babbar matsalar ma tana wajen bashin da kamfani ke bi. A ce kamfanin injiniya na gwamnati ya gina gada, an duba aiki, an sa hannu a takardar biya, kuɗi bai fito ba. Akanta zai rubuta kuɗin a matsayin ciniki, kuma a matsayin kadarar da za ta shigo nan kusa. Ciniki ya tashi, jarin juyawa ya tashi, riba ta bayyana, ma'aunin Z yana murmushi. A asusun banki kuwa ko kuɗin dizal babu. Kuma wa ke riƙe da kuɗin? Mai kamfanin, wato gwamnati. Ɗan kwangila mai zaman kansa zai iya janye ma'aikatansa ko ya kai ƙara. Manajan da gwamnati ta naɗa, wa zai kai ƙara? Wanda ya ba shi kujera? Shi ya sa ni a ganina tambayar da ta fi ma'aunin Z amfani ita ce: bashin nan watansa nawa, kuma nawa ya shigo hannu a zahiri daga aikin bana?

Akwai kuma abin da masanin tattalin arzikin Hungary János Kornai ya bayyana a nazarinsa na masana'antun ƙasashen gurguzu: kamfanin da ya san uwar gijiyarsa za ta biya masa bashi ba ya tsoron asara. Irinsa ba kasafai yake karyewa a gaban kotu ba, jinya yake yi ta shekaru. Don haka abin da ake hangowa ba ranar mutuwa ba ne, ranar da zai koma rayuwa da tallafin baitulmali ne.

Alamun farko ma'aikata ne ke ganinsu kafin odita. Albashin ƙarshen wata ya koma tsakiyar wata mai zuwa. Dokar fansho ta Najeriya ta ce a tura kuɗin da aka cire cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, to ka duba ko ana turawa. Rahoton binciken kuɗi ya makara shekara biyu ko uku. Kamfanin da ke da labari mai daɗi ba ya ɓoye shi. Ƙwararrun injiniyoyi kuma su ne ke fara ajiye aiki, don su ne ake nema a waje.

Mu dawo gida. Kamfanin Jos ba ya narka ɗanyen ƙarfe da kansa. An tsara shi ne ya riƙa karɓar sandunan ƙarfe daga kamfanin Aladja da ke jihar Delta ta yau, wanda aka buɗe a 1982, a ɗauko su daga can kudu zuwa saman tsaunukan Filato. Duk ranar da Aladja ta yi tari, Jos da Katsina da Osogbo sai su kwanta tare. Wannan haɗarin yana nan tun ranar da aka zana tsarin, kuma a cikin ma'aunan Altman biyar ɗin nan babu wanda zai nuna maka shi.