Fodkas: Idan ciwon dajin mama ya taɓa fata, wane mataki ake ciki?

Maryam: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyin Jos. Yau Anti Rabi ce tare da mu, nas ce da ta daɗe a ɓangaren masu ciwon daji, ga Bashir kuma. Anti, wallahi abin da ya kawo maganar nan ƙanwar mamata ce, likita ya ce mata ciwon ya taɓa fata, mataki na uku, tun ranar gidan ya koma kamar an yi rasuwa.

Anti Rabi: Allah Ya ba ta lafiya Maryama. Amma ku share hawaye tukuna, uku ba huɗu ba ne. Abu uku likita yake dubawa, shi ƙarin kansa, sai kaluluwar hammata, sai ko ciwon ya yi nisa zuwa ƙashi, huhu ko hanta, wanda shi ne mataki na huɗu. Ƙari da awo ake tafiya, ana yi masa lamba da harafin T, santimita 2 zuwa ƙasa T1, har zuwa 5 T2, ya wuce 5 T3. To amma da zarar fata ta fashe ta zama gyambo, ko wasu ƙurarraji masu tauri sun fito a fatar nonon, ko ta kumbura ta yi ramuka ƙanana kamar ɓawon lemu, an daina maganar girma, T4 ne kawai ko da ƙarin bai fi gyaɗa ba. In bai bazu ba galibi mataki 3B kenan.

Bashir: Tsaya Anti, kenan duk wadda fatarta ta ɗan lotsa ko kan nonon ya shige ciki ta kai nan?

Anti Rabi: A'a Bashir, nan mutane suke tsorata kansu. Lotsawa kaɗai ko shigewar kan nono ba ya mayar da shi T4, ƙari ne yake jan fatar daga ciki. Alama ce ta a je asibiti yau ba gobe ba, amma ba ita take sa matakin ba.

Maryam: Ita fa nata ba ƙari aka fara ji ba, nonon ne ya kumbura ya yi zafi, muka ɗauka irin ciwon nonon masu shayarwa ne, aka yi ta shan antibayotik ana shafe-shafe.

Anti Rabi: Wannan shi ya fi cin raina. Akwai nau'in da ake kira mai kumburi, T4d, ƙwayoyin ciwon ne suke toshe hanyoyin ruwa na cikin fata, kumburin ya cinye aƙalla kashi ɗaya cikin uku na nonon, cikin makonni ba shekaru ba. A littafi an ce fatar tana yin ja, to mu baƙar fata ina jan zai fito? Duhu kawai take ƙarawa, ta yi kauri, nonon ya yi nauyi. In an sha magani sati ɗaya zuwa kwana goma babu sauƙi, a ɗebi ɗan nama a gwada. Kuma dan Allah a bar tsaga da ɗaura ganye, na ga matan da wata uku kacal a wajen mai magani suka kai su mataki na huɗu.

Bashir: To ana warkewa kuwa? Tambayar da kowa yake jin nauyin yi kenan.

Anti Rabi: A mataki na uku warkarwa ake nema, ba lallaɓawa ba. Ba zan ɓoye muku ba, mai kumburin ya fi saurin dawowa, ya fi zafin nama. Amma matakin ba shi kaɗai ke magana ba, ana duba kaluluwa nawa ya kama, ko ciwon yana jin sinadarin jikin mace, sai a ba ta irin tamoxifen shekara biyar ko fiye, ko yana da HER2, wani sinadari da ke sa ciwon saurin girma, shi ma da allurarsa trastuzumab duk da tsadarta, sannan yadda ya narke da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon. Shi ya sa ba a fara da wuƙa, kemo ne farko, sai tiyata, sai gashin wurin da na'ura, wanda da yawa daga nan Abuja suke sauka Asibitin Ƙasa su yi.

Maryam: Anti ita ta yi kemo biyu, kumburin ya sauka, yanzu cewa take ta warke ba za ta koma ba.

Anti Rabi: Subhanallahi, a'a! Saukar nan shaida ce maganin yana ci, ba a gama ba. Yaushe ne na ukun?

Maryam: Ranar Talata.

Anti Rabi: To ki kwana a gidanta Litinin, ki kamo hannunta da sassafe. In ta ƙi ki kira ni mu yi magana.