Idan Sikeli Ya Kafe: Lacca Kan Rage Ƙiba Bayan Shekara Arba'in

An rubuto wannan ne daga faifan laccar da wata likita ta yi wa taron mata a Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena da ƙannena, sannunku da fitowa cikin wannan rana.

Akwai kukan da ake yawan kawo mini a ɗakin duba marasa lafiya. Mace ta haura arba'in, an ce mata hawan jini ko suga ya fara leƙowa, ta daure ta rage ci, ta soma tattaki. Wata uku, wata huɗu, nauyi na sauka, riga ta yi mata yawa. Sai sikeli ya kafe. Mako shida babu motsi. Ta zo ta ce, "Likita, wanga jiki ya ƙiya, ko ruwa na sha ƙiba nake."

Hajiya, jikinki bai ƙi ba. Yawancin masu rage ƙiba suna cin karo da wannan tsayawa wajen wata na shida. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko mutum da buhun shinkafa ya fi shan mai, in aka sauke buhun sai shan man ya ragu. Jikin da ya sauko daga kilo 90 zuwa 82 shi ma haka yake: abincin da ke rage ki a da, yanzu daidai yake da bukatarki. Sannan kitse yana fitar da wani sinadari mai suna leptin, wanda ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. Kitse na raguwa, shi ma yana raguwa, sai yunwa ta ƙaru, hannu ya riƙa ƙara loma ba ki lura ba.

Mun saba ɗora wa shekaru laifi. A 2021 mujallar Science ta buga binciken da aka yi kan mutum fiye da 6,000 daga ƙasashe 29, aka ga cewa in an yi la'akari da girman jiki, yadda jiki ke ƙona abinci kusan bai canzawa daga shekara 20 har 60. Abin da ya canza shi ne aikinmu da tsokarmu. Innarmu ta yi daka, ta ja ruwa a rijiya, ta je unguwa da ƙafa. Mu kuwa ga injin niƙa, ga 'ya'ya sun karɓi aikin gida. Tsokar da ba a mora zagwanyewa take yi. Ga kuma ɗaukewar al'ada, tsakanin shekara 45 da 55, wadda ke tura kitse zuwa ciki.

To ina mafita? Ki samu takarda, kwana uku ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki, har ragowar abincin jikoki da masar gidan suna. Abin da na fi gani a irin waɗannan takardu abin sha ne. Mu mutanen Sakkwato ne, a watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, maƙogwaro ba ya hutawa. Kwalbar lemu mai santilita 35 tana ɗauke da suga kusan cokalin shayi tara. Zoɓo da kunun zaƙi da shayi mai madarar gwangwani suna bin bayanta, kuma babu wanda ke ƙosar da ke. Fura ba zan hana ku ba, wallahi ba zan hana ba. Gero da nono abinci ne mai kyau. Amma a dama ta ba suga, a sha kofi guda a matsayin abincin rana, ba a ci tuwo sannan a kora da ita ba. Sai mai: cokalin cin abinci ɗaya kalori 120 ne, kalori kuwa shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki. Ku tuna yawan wanda ƙosai da awara ke sha a kasko.

Kwanonki kuwa, rabi ya zama ganye, kwaɗon zogale ko rama ko kabeji. Tuwo malmala ɗaya madaidaiciya. Kowane ci a samu abinci mai gina jiki a ciki: wake, ƙwai, kifi, nono ko nama, domin su ne ke riƙe ciki, su kare tsoka.

Abin da nake roƙonku da Allah kada ku yi shi ne horon yunwa, domin tsoka za ta tafi tare da kitsen. Shayin rage tumbi da ake tallarsa a waya kuma, da yawansa zawo da fitsari yake sa mutum. Ruwan jiki ne ke zuba, kuma a zafin garin nan ƙoda ce ke shan wahalar.

Motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, tafiya mai ɗan sauri har numfashi ya ɗaga. Bayan sallar asuba ya fi, kafin rana ta buɗe. Wadda ba ta fita, tsakar gida ta ishe ta. Amma hukumar ta ƙara da wani abu da muke tsallakewa: aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Zauna kan kujera ki miƙe ba dafawa, sau goma, ki huta, ki sake. Dafa bango ki tura. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita biyar ta zama kayan aiki. In ya yi sauƙi, ki ƙara.

Wataƙila sikeli ya ɗan jima bai motsa ba. Ki ari tef na tela ki auna ƙugunki: ana so ya gaza rabin tsayinki. Mai tsayin santimita 160, ƙugu ya kasance ƙasa da 80.

Na ga hannu can baya. Na'am, Inna? Tana tambaya ne kan azumin Litinin da Alhamis. Ibada ce, Allah Ya karɓa. Ta fuskar nauyi, abin dubawa shi ne buɗa-baki: in aka buɗe da soye-soye da lemu, an mayar da abin da aka rage. Mai shan maganin suga ko allurar insulin kuma ta fara ganin likitanta, kada suga ya faɗi mata da rana. In kin je, ki tafi da duk magungunan da kike sha a leda, domin wasu, irin su dexamethasone, suna sa ƙiba da kansu.