Wace ƙasa ce ta fi daɗin zama ga baƙo?

Nura: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Nura ne daga Jamus, Yaya Hadiza tana kan layi daga Ingila, Kawu Sule kuma yana Kano. Kawu, barka da yamma, ya iyali?

Kawu Sule: Lafiya lau, alhamdulillahi. Ya sanyi a wajenku? Hadiza, an tashi daga aiki?

Hadiza: Shigowata ke nan Kawu, ko ruwa ban sha ba.

Nura: Sannu da ƙoƙari Yaya. Yau saƙon wani bawan Allah daga Zariya za mu ɗauka. Injiniya ne, yana da mata da 'ya'ya biyu. An yi masa tayin aiki a Riyad, ya kuma samu gurbin digiri na biyu a Jamus. Ya ce ya duba jerin ƙasashen da suka fi daɗin zama a intanet, ya ga Finland ce a sama, ga Jamus ba nisa da ita, Saudiyya kuwa tana ƙasa da su. Shi ne yake tambaya ko ya bi wannan jerin.

Hadiza: Tun 2018 Finland ke zuwa ta ɗaya a rahoton nan na farin cikin al'umma, wannan gaskiya ne. Amma su wa aka tambaya? Mazauna ƙasar ne, kuma mafi yawansu 'yan ƙasa ne, waɗanda aka haifa a cikin harshen, iyayensu da abokansu na kusa.

Nura: Akwai wani binciken kuma na InterNations, wanda baƙi kawai yake tambaya. A na 2024, cikin ƙasashe 53, Panama ce ta ɗaya, Finland ta zo ta 51, Jamus ta 50. Ƙasar da ta fi kowa farin ciki ta koma can ƙarshe da aka tambayi baƙonta. Abin da suka fi kuka da shi wahalar yin abokai da harshe da samun aiki.

Kawu Sule: Ni wannan bai ba ni mamaki ba. Shekara 22 na yi a Jidda, abin da na gane shi ne baƙo a cikin takardarsa yake zaune. Mutum biyu za ka gani a layi ɗaya, masallaci ɗaya suke salla, amma ɗaya igamarsa, wato takardar izinin zama, ta likita ce, ɗaya ta direban gida, na ukunsu ma ba shi da ita sam, ya ga motar jawazat, wato jami'an shige da fice, sai ya canja hanya. Ka tambaye su yaya Saudiyya, ƙasa uku za su kwatanta maka.

Nura: To Kawu, fara gaya mana daɗinta, domin na san har yanzu kana kewa.

Kawu Sule: Ina kewa mana, ba zan ɓoye ba. Albashinka ba a cire masa haraji, abin da aka rubuta shi za ka gani a asusunka. Riyal kuma tun 1986 a ɗaure take da dala, 3.75, ba ka kwana da fargabar kuɗinka zai narke kafin safiya. Wuta ba ta ɗaukewa. Ƙarfe biyun dare sai in fita neman magani, ba na waiwaye. Sannan ga babban abin, Makka ba ta kai tafiyar awa ɗaya da rabi daga ƙofar gidana ba. Ranar Alhamis in an tashi aiki sai in ce wa mai ɗakina ku shirya, mu yi umara, mu biya Shara Mansur mu ci tuwo da miyar kuka wajen 'yan uwanmu, mu dawo. Yarana da kiran salla suka tashi a kunne, ban taɓa tsayawa karanta bayan kwalin abinci don neman naman alade ba.

Hadiza: To me ya dawo da kai gida, Kawu?

Kawu Sule: Kuɗin iyali. A watan Yulin 2017 aka sa wa duk baƙon da ke aiki a kamfani harajin riyal 100 a wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarsa. Shekara ta zagayo ya koma 200, sai 300, zuwa 2020 ya kai 400. Ni mace ɗaya da 'ya'ya biyar, mutum shida ke nan, riyal 2,400 duk wata kafin a yi zancen haya ko makaranta. A 2020 ɗin kuma harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15. Tun kafin ya kai can na lissafa na ga ba za ta ɓulle ba, a 2019 na sa su a jirgi. Ba zan manta filin jirgin ba. 'Yata ta biyu tana riƙe da rigata tana tambayata da Larabci, Baba wai ina za mu? A Jidda aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta, amma a takarda baƙuwa ce kamar wadda ta sauka jiya. Haihuwa a can ba ta ba ka zama ɗan ƙasa. Hausawan da kuke gani masu sunan Hausawi, har a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, kakanninsu ne suka je tun da daɗewa, wasu da ƙafa ta Sudan. Wanda ya je yanzu da kwantiragi, ranar da aiki ya ƙare zama ya ƙare.

Hadiza: Kuma Kawu, kai namiji ne mai aikin ofis. Ina so a faɗi ta matanmu da dillalai ke kai wa aikatau. Gyaran dokar da aka yi a Maris 2021, wanda ya sassauta wa ma'aikaci canja kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyinsa, da fita ƙasar, bai haɗa da masu aikin gida ba. Yarinya za ta je, a karɓe fasfonta duk da doka ta hana, ba ta san sunan unguwar da take ba. Ita in ka ce mata ba a ɗauke wuta, me ka faɗa mata?

Kawu Sule: Gaskiyarki, na gani da idona. Wasu daga gidan sai tarhil, inda ake tsare waɗanda za a koro gida.

Nura: Jamus kuma kusan akasin haka ce. Farkonta ɗaci, daɗin sai daga baya. Yawancin jami'o'in gwamnati ba a biyan kuɗin karatu, in ban da wasu wurare kamar jihar Baden-Württemberg da ke karɓar yuro 1,500 a zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Amma kafin biza sai ka zuba kuɗin cin abincinka na shekara a asusun da ake kullewa, tun Satumban 2024 yuro 11,904 ne, a riƙa sakar maka 992 duk wata. Wannan na mutum ɗaya ne. Mai mata da yara biyu sai ya nuna kuɗin da zai riƙe su da gidan da zai ɗauke su, kuma ɗalibi kwana 140 kawai aka yarda ya yi cikakken aiki a shekara. Don haka ɗan uwanmu na Zariya ya sa a ransa cewa da wuya iyalinsa su bi shi a shekarun karatun.

Hadiza: Shekara biyu ko uku ke nan ba tare da yaransa ba.

Nura: Ƙwarai. Ni da na zo ban yi aure ba ma sai da na ji jiki. Wata uku ina neman ɗaki. Zan aika saƙo talatin, biyu su amsa, wani da ya ji sunana sai ya ce an riga an bayar. Komai da wasiƙa ake yi, ta takarda, da Jamusanci mai nauyi. Na taɓa ajiye wata wasiƙa daga ofishin baƙi na garinmu har sati biyu don ban gane ranar ganawa suka sa mini ba, sai da na jira wata huɗu kafin na samu wata, ina yawo da takardar wucin gadi. Ranar Lahadi kantuna a rufe, unguwa tsit. A watan Disamba ƙarfe huɗu da rabi duhu ya yi. Akwai lokacin da na yi kwana tara ban yi magana da kowa ba sai mai karɓar kuɗi a kanti.

Kawu Sule: Kwana tara? Subhanallahi. A Kano ko ka rufe ƙofa sai an ƙwanƙwasa an tambayi lafiyarka.

Nura: Amma Kawu, abin da ka rasa a Jidda shi na samu. Kowace shekara da na yi tana shiga lissafi. Ana cire mini kuɗin fansho, kamfani yana zuba daidai abin da na zuba. Inshorar lafiya dole ce, kuma ta gwamnati tana ɗaukar mata da yara in ba sa aiki. Tun Yunin 2024 shekara biyar ta isa ka nemi zama ɗan ƙasa maimakon takwas, kuma ba sai ka ajiye fasfonka na gida ba. Sharaɗin dai ka iya harshen, ka kuma riƙe kanka.

Kawu Sule: Mu ba mu da fansho. Kuɗin sallama ake ba ka, rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, bayan nan cikakken wata. Shi na haɗa na ƙarasa ginin da nake ciki.

Nura: Yaya, ke kuma kina tsakiya. Ingila fa?

Hadiza: Ingila harshe ne ke ruɗar mutanenmu. Tunda muna jin Turanci sai mu ɗauka an gama. Kullum ana cewa asibiti kyauta ne, amma baƙo yana biya tun kafin ya sauka: tun Fabrairun 2024 fam 1,035 a shekara ga babba, 776 ga yaro ko ɗalibi, kuma na duk shekarun bizar ake karɓa a dunƙule. Miji da mata da yara biyu fam 3,622 ke nan a shekara. Mu ma'aikatan lafiya an ɗauke mana. Sannan ƙofar iyali ta ƙuntata. Daga Janairun 2024 yawancin masu digiri na biyu ba sa zuwa da iyali, daga Maris na shekarar masu kula da tsofaffi ma haka. Bizarka kuma a hannun wanda ya ɗauki nauyinka take, in aiki ya tsaya kwana 60 ake ba ka ka samu wani ko ka tafi. Ni ban ga bambancinsa da kafilin Kawu ba sosai, sai dai a nan akwai ranar fita, bayan shekara biyar ka nemi zaman dindindin. Ita ma a Mayun 2025 gwamnati ta kawo shawarar mayar da ita goma.

Kawu Sule: To me ya zaunar da ke?

Hadiza: Makarantar yara kyauta ce kuma mai kyau, kuma ni mace ina da aikina da darajata, ba wanda ya isa ya riƙe mini albashi. A Manchester da Birmingham masallatai da naman halal ba a nemansu. Abin da ke cina shi ne reno. A gida ga Inna, ga ƙanne, ga maƙwabta. A nan ni da maigidana karɓa-karɓa muke yi, ina shigowa da safe yana fita, a bakin ƙofa muke gaisawa. Ranar da na haifi autana ba wanda ya dafa mini ruwan wanka, kunun kanwa ni na tashi na dama abina a kwana na uku.

Nura: Wasu za su ce ba mu taɓo Kanada da Malesiya ba. Kanada shekara uku cikin biyar bayan samun zaman dindindin ka nemi fasfo, sai dai a 2024 ta rage bizar ɗalibai ta kuma ninka kuɗin da ake nunawa, ga tsadar haya. Malesiya akwai sauƙin abinci da ibada, amma gama karatu ba ya ba ka zama.

Kawu Sule: Akwai abin da ban taɓa gani a jerin nan ba, kuma kowa zai je shi. In ka rasu a can, yaya za a yi da kai? A Jidda in takardu sun kammala ba a ɓata lokaci, wani ma a kai shi Harami a sallace shi.

Nura: Mun yi rashin wani ɗan Nijar shekara uku da suka wuce. Kwana shida kafin a sa shi a makwancinsa, ana ta takardu. Kabari a Jamus haya ne, yawanci shekara 20 zuwa 30, in ba a sabunta ba hukuma na iya sake amfani da wurin. Mu muka yi karo-karo, muka yi masa wanka, matarsa tana kallo ta waya daga Damagaram. Tun ranar muka buɗe asusun jana'iza, kowa yana sa abin da ya samu duk wata.

Hadiza: Allah ya jiƙansa. To me za mu ce wa mai saƙon?

Nura: Ni in yana da kuɗin asusun nan, kuma matarsa ta yarda da rabuwar da zuciya ɗaya, Jamus zan ce, ya fara koyon harshen tun yana Zariya.

Kawu Sule: Ni kuwa ban yarda mutum ya bar yara ƙanana shekara uku ba in yana da wata hanya. Ya tafi Riyad, amma ya tafi da niyyar tarawa ya dawo, ya sa wa kansa wa'adi. Kafin ya sa hannu ya tabbatar injiniya aka rubuta a igamarsa, domin sana'ar da ke jikinta ita ke ba shi damar kawo iyali. Ya tambaya wa zai biya 400 ɗin nan na mutum uku, wa zai biya makaranta da inshora da tikitin hutu, kuma duk a rubuce. Kada ya tsaya kan kwafin Turanci, in rigima ta tashi na Larabci kotu ke bi. Ya turo mini shi ta wajenka Nura, in karanta masa layi-layi.

Nura: Zan isar masa yau in sha Allahu. Kawu, Yaya, mun gode. Jama'a, sai mako mai zuwa.