Kashi 70 Cikin 100: Adadin da Ake Yi wa Baƙaƙen Fatar Amurka Gurguwar Fahimta

Duk lokacin da ranar iyaye maza ta zagayo a Amurka, wato Lahadi ta uku a watan Yuni, sai wani adadi ya sake karaɗe shafukan sada zumunta. Masu yaɗa shi suna cewa yara bakwai cikin goma na baƙaƙen fata a ƙasar suna tasowa ba tare da uba ba. Adadin yana da tushe, amma ma'anar da aka ɗora masa ba ita ce tasa ba.

 Daga bayanan rajistar haihuwa ake tattara alƙaluman, kuma abin da ake ƙirgawa guda ɗaya ne: shin mahaifiyar tana da aure sa'ad da ta haihu? Ga baƙaƙen fata, amsar a'a ce a kusan kashi 70 cikin 100 na haihuwa. Alƙaluman ba su faɗi wanda ke kwana a gidan ba, ba su kuma faɗi wanda ke tashi tsakar dare idan jariri ya yi kuka ba.

Ga gidaje uku. A na farko, uba da uwa suna zaune tare shekara da shekaru ba a ɗaura musu aure ba. A na biyu sun rabu, amma uban yana unguwar, shi ke ɗauko yarinyar daga makaranta, kuma a wajensa take yin ƙarshen mako. A na uku, uban ya tafi tun ciki na wata huɗu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A lissafin nan, duka ukun a layi ɗaya suke.

Na san yadda maganar haihuwa ba aure take da nauyi a kunnen Bahaushe, domin a wajenmu sau da yawa tana tafiya tare da namijin da ya ƙi amsa cikin. Ni ma ina ganin aure rufin asiri ne ga yaro. Sai dai a Amurka kusan kashi 40 cikin 100 na duk haihuwa ba a cikin aure ake yin ta ba, saboda haka rashin aure a can ba ya tabbatar da cewa uban ya gudu.

Da aka tambayi iyaye mazan kansu fa? A watan Disamban 2013, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoto a kan hakan. Cikin mazan da ke zaune da 'ya'yansu 'yan ƙasa da shekara 5, kashi 70 na baƙaƙen fata ne ke yi musu wanka, ko canza musu ƙunzugu, ko sa musu kaya kullum, alhali fararen fata kashi 60 ne, 'yan asalin Latin Amurka kuma kashi 45. Wajen taya yara aikin makaranta kowace rana, baƙaƙen fata kashi 41 ne, fararen fata kashi 28.

Zargin cewa iyaye maza baƙaƙen fata ba sa tsayawa da 'ya'yansu tsohon zargi ne. Rahoton da wani jami'in gwamnatin Amurka mai suna Moynihan ya rubuta a 1965 ya ɗora matsalolin baƙaƙen fata a kan raunin iyali, Barack Obama kuma ya yi wa iyaye maza faɗa a wata majami'a da ke Chicago a 2008.

Abin da rahoton CDC ya gano ba ya nufin babu matsala, domin kusan rabin yaran baƙaƙen fata da mahaifiya kaɗai suke zaune, kuma ɗawainiyar ba ƙarama ba ce. Amma ya kamata a tambaya ina mazan suka shiga. A 2015 jaridar New York Times ta ƙiyasta cewa maza baƙaƙen fata miliyan 1.5, masu shekara 25 zuwa 54, sun ɓace daga rayuwar yau da kullum, galibi saboda kurkuku da mutuwar wuri. Kafin nan ma, wasu jihohi suna yanke wa uwa tallafin gwamnati idan aka gano akwai namiji a tare da ita, har sai da Kotun Ƙoli ta soke irin wannan ƙa'ida ta jihar Alabama a 1968.

Mu koma gida na biyu, wanda lissafin ya fi zalunta. Rahoton CDC ya gano cewa ko a cikin mazan da ba sa zaune da 'ya'yansu, baƙaƙen fata ba su gaza sauran ba wajen kula da su, a wasu fannonin ma sun ɗara. Mutumin da kuke gani yana jira a bakin ƙofar makaranta da ƙarfe uku na rana yana cikin wannan kashi 70 ɗin da ake cewa babu su.