Kansar fata da baƙar fata: inda ba ma dubawa

Jama'a, maganar nan da ke ta yawo cewa wai baƙar fata ba ya kamuwa da kansar fata, rabinta gaskiya ce, ɗaya rabin kuma shi ke kai mutane kabari. Ku dubi alƙaluman nan na Amurka. A cikin farar fata, kusan mutum 1 cikin 33 zai kamu da melanoma, wato wani mugun nau'in kansar fata, a rayuwarsa, a cikin baƙar fata kuwa kusan 1 ne cikin 1,000. To ai mun tsira kenan ko? Ku dakata ku ga na gaba. Cikin waɗanda aka gano suna da ita, farar fata sama da 90 cikin 100 suna nan da rai bayan shekara 5, baƙar fata kuwa kusan 70 ne kacal.

Dalilai suna da yawa, akwai tsadar asibiti da rashin inshora, akwai littattafan koyon likitanci da yawancin hotunansu na farar fata ne, amma babban abin shi ne ana gano ta a makare, kuma nan nake so mu tsaya.

Kowa ya ji kansar fata sai ya tuna rana, sai ya duba fuska da wuya da kafaɗa. Alhali irin wadda ta fi kama baƙar fata, wadda likitoci ke kira acral melanoma, ba ruwanta da rana. Tafin ƙafa take fitowa, tafin hannu, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce. Wuraren da fatarmu ta fi haske. Yaushe rabonka da ka ɗaga ƙafarka ka kalli ƙasanta da kyau?

Ga yadda take zuwa. Tabo ne baƙi a diddige, gefensa ba daidai ba, wani ɓangaren ya fi wani duhu, ba zafi ba ƙaiƙayi, shi ya sa mutum zai ce ƙaya ce ta soke shi ko kaushi ne, ya shafa man zafi ya ci gaba da harkarsa, sai wata da watanni ya fara faɗi ya fashe ya zama gyambon da ya ƙi warkewa, wani ma a ce masa ciwon suga ne. A asibitocinmu na Najeriya ma haka ake yawan ganinta, a ƙafa, kuma ta riga ta yi nisa.

Ga farce kuma. Kar hankalinku ya tashi fa, da yawanmu muna da layi baƙi a farce kuma lafiya lau ne. Wanda za a kula da shi shi ne sabon layi a farce ɗaya, yana ƙara faɗi, baƙin ya tsallako kan fatar gefen farcen, ko farcen ya fara tsagewa. Mata masu ƙunshi, don Allah ku riƙa dubawa kafin a sa lalle, don yana rufe komai.

Abin da ya faru da mawaƙin nan Bob Marley kenan. A 1977 aka ga ciwo a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, aka ɗauka buguwar ƙwallo ce. Melanoma ce. Ta bazu a jikinsa, ya rasu a Miami a 1981 yana da shekara 36. Wallahi duk lokacin da na tuna shekarun nan sai abin ya taɓa ni.

In an kama ta tun tana fata kaɗai, kusan 99 cikin 100 suna wuce shekara 5, sau da yawa ma tiyata ce kawai a cire wurin. In ta kai huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa, ba su kai rabi ba. Don haka in ka ga irin tabon nan, ba kemis ba, ba wanzami ba, likitan fata za ka nema, ka cire takalmi da safa ka nuna masa, ka tambaye shi ko za a yanki ɗan naman wurin a kai gwaji.