Bencin aji ma yana da tasa siyasar

To jama'a, ku ɗan tuna ajin da kuka taɓa zama. Benci a jere duk sun fuskanci gaba, allo ɗaya, malam a tsaye. Tun kafin malam ya buɗe baki an riga an yanke wa zai yi magana wa zai yi shiru, kuma jerin bencin nan yana cikin masu yankewa. Ƙararrawa ta kaɗa, darasi ya ƙare, ko an gane ko ba a gane ba.

Wannan shi ne masu binciken ilimi ke kira ra'in sosiyomateriyal, wato cuɗanyar mutane da kayayyaki. Cewa suke karatu ba a ƙwaƙwalwar ɗalibi kaɗai yake faruwa ba, littafi da jadawali da takardar jarabawa da kwamfuta duk da su ake yi. Babban tushensa aikin Bruno Latour da Michel Callon ne a Faransa, tare da John Law ɗan Ingila, a shekarun 1980. Latour yana son misalin tudun nan da ake yi a titi, babu ɗan sanda a wajen amma dole direba ya rage gudu. Wajen 2010 Tara Fenwick da Richard Edwards na Jami'ar Stirling suka taimaka sosai wajen shigo da tunanin cikin binciken ilimi.

Ni dai ra'in nan ya buɗe min ido gaskiya, amma akwai sukar da ba zan iya kau da kai daga gare ta ba. Tun 1993 wani masani ɗan Amurka, Langdon Winner, ya ce irin wannan bincike ya iya bayyana yadda abu ya haɗu amma ba ya faɗin wa aka cuta, wa aka bari a waje. In ka ce mutum da benci da manhaja duk suna da hannu a abu, to ranar da aka yi ɓarna wa za a kama?

Ku dubi Ingila a 2020. Korona ta hana jarabawar kammala sakandare, sai Ofqual, hukumar da ke kula da jarabawa a can, ta sa wani lissafin kwamfuta ya daidaita makin da malamai suka bayar, lissafin kuma yana duba sakamakon makarantar na shekarun baya, ka ga kenan yaro mai ƙoƙari a makarantar da ba ta saba cin jarabawa ba an ja shi ƙasa saboda waɗanda suka riga shi zama a benci. A cikin kowane sakamako 100 da malamai suka bayar, kusan 40 aka sauke ƙasa. Ƙananan azuzuwa, waɗanda suka fi yawa a makarantun kuɗi, su kuma aka fi barin musu makin malamansu. Abin nan har yanzu yana min ciwo wallahi.

A nan masu ra'in suna da gaskiya, lissafin ya yi aiki kamar alƙali. Masu suka ma suna da tasu, domin Firaminista Boris Johnson fitowa ya yi ya ɗora laifin a kan lissafin, sai ka ce lissafin ne ya rubuta kansa, alhali mutane ne suka zauna suka zaɓi abin da zai duba. Shi ya sa nake ganin mai bincike ya bi kayan, eh, amma kar ya tsaya sai ya isa teburin da aka sa hannu.

Ɗalibai suka fito zanga-zanga, cikin kwanaki kaɗan gwamnati ta janye ta koma makin malamai. Shugabar Ofqual ta yi murabus a watan Agustan 2020, ministan ilimi Gavin Williamson kuwa ya ci gaba da zama a kujerarsa har Satumban 2021.