Ina waƙoƙinmu suke a intanet?

An rubuto wannan daga rikodin laccar da aka gabatar wa ɗalibai da masu sha'awar adabin baka a Garwa, arewacin Kamaru.

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla.

Mai neman tsofaffin waƙoƙin wannan yanki a intanet, yawanci ƙofar Turawa zai ƙwanƙwasa. Rumbun da ya fi yi mana amfani shi ne na CREM a Faransa, cibiyar binciken kiɗan al'ummomi da ta gaji taskar sauti ta Musée de l'Homme, wani gidan tarihi a Paris. Sun ɗora dubban rikodi, kowanne da bayaninsa: wa ya ɗauka, a wane gari, wace shekara, da wane kayan kiɗa. Wasu za ka saurara kyauta, wasu sai da izini. A nan ake samun aikin Monique Brandily, wadda ta shiga duwatsun Tibesti na Chadi tun shekarun 1960 tana ɗaukar waƙoƙin Tubawa. In za ku yi nema, ku rubuta sunaye yadda Faransawa ke rubuta su, Haoussa, Garoua, Maroua. Abin da aka ɗauka a Njamena kafin 1973 kuwa, ku neme shi da Fort-Lamy, sunan garin na da.

A Amurka akwai kamfanin faifai na Smithsonian Folkways, inda ake sauke takardar bayanin kowane faifai ba ko sisi, da shafin Global Jukebox da aka buɗe a 2017 bisa aikin Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya. Jamusawa kuma suna da taskarsu a Barlin tun 1900. Wani masaninsu, Veit Erlmann, ya zauna da maroƙan Diyamare a wajajen Marwa, ya fitar da littafi a kansu a 1980.

To amma ku saurari abin da ke cikin rumbunan nan da kunnen basira. Algaita za ku ji, da kakaki, da ganga a ƙofar lamido. Dalili a fili yake. Baƙo namiji ne ya zo da na'ura, ya fara da gaisuwa a fada, aka kira masa makaɗan fada. Iyakarsa zaure. Waƙar daka, waƙar niƙa, waƙar reno, waɗanda ake yi a cikin gida, wa zai kai shi? Iyayena mata da ke nan, ku ne taskar waɗannan. Kuma tun da injin niƙa ya shigo unguwa, yarinyar da ba ta taɓa durƙusawa gaban dutse ba, ina za ta koyi waƙarsa? Ga wata matsalar: makaɗin fada yana iya zama Bahaushe, yana waƙa da Hausa, amma a rubuta kiɗan Fulani saboda fadar ta Fulani ce. Mai bincike sai ya wuce shi bai sani ba.

Abin da nake wa Ingilishi kwaɗayinsa shi ne jadawalin Steve Roud, wanda ke shafin laburaren Vaughan Williams a Landan. Kowace waƙar gargajiya ta Ingilishi an ba ta lamba guda, waƙoƙi wajen 25,000. Ko an sauya mata suna, ko an rera ta a wata nahiya, lambar ba ta canzawa. Ku duba namu. Waƙar gaɗa ta taso daga Kano, ta biyo fatake ta Yola ta sauka nan Garwa, amshinta ya ɗauki Fillanci. Ta bi hanyar alhazan ƙasa ta isa Njamena, Larabci ya shige ta. Waƙa ɗaya ce. Amma da yake ba mu da jadawalin da zai haɗa su, kowa yana zaton ta garinsu ce kaɗai.

Yanzu ɗalibai, gare ku. Kowannenku yana da na'urar ɗauka a aljihu. Abin da ke ɓata aikinku shi ne murya tana yawo a WhatsApp ba suna ba gari, bayan wata uku ba wanda ya san tsohuwar da ta rera. Kafin ta fara, ka faɗa da bakinka a cikin rikodin: ranar kaza, unguwa kaza, wance ce, a wurin wance ta koya, a lokacin kaza ake yin waƙar. Sannan ka zauna ka rubuta baitocin, don akwatin nema rubutu yake gani, ba ya jin murya. Ka kuma tambaye ta. Wata za ta yarda a ajiye don jikoki, amma ba ta yarda a ji ta a TikTok ba, kuma haƙƙinta ne.

Kada kuma ku ɗauka abin da ya hau intanet ya tsira. A watan Oktoban 2023 masu kutse sun afka wa British Library, babban laburaren Birtaniya, shafinsu na sauti ya rufe na tsawon lokaci, ga su da kuɗi da ƙwararru. Balle memorin wayarka da ke faɗawa ruwan wanki. Ku ajiye kwafi a kwamfuta, wani a wurin mutanen gidan da kuka ɗauko, wani a sashenku na jami'a.

Na ga ana yi min nuni da agogo, magariba ta kusa. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu ɗauki biyu ko uku.